Sufacaja ko turbo: wanne ya dace da motar haɗi mai injin fawabaik a Kano?

Motar da ake magana a kai ita ce ƙaramar nan mai kujera biyu, wadda ake haɗawa da hannu a gareji a kan firam na bututun ƙarfe, irin ƙirar Lotus Seven da Colin Chapman ya fitar a Ingila a 1957, wadda Caterham da Westfield da MK suka ci gaba da yin irinta. Maimakon injin mota, sai a ɗora mata injin babban babur: Suzuki Hayabusa, Honda Fireblade ko Blackbird, Yamaha R1, ko Kawasaki ZZR1400. Nauyinta yakan tsaya tsakanin kilo 430 zuwa 500. Injin Hayabusa na farko, na 1999, yana ba da doki kusan 173, wato wajen doki 350 ga kowane tan guda, alhali Corolla ta gida ba ta wuce 110 sosai ba. Duk da haka mai irin wannan mota yakan gaji da abu ɗaya: a ƙasan juyi injin ba shi da ƙarfin murɗawa. Hayabusa ɗin nan Nm 138 na ƙarfin murɗawa yake bayarwa, masu cc 1000 kuwa ba su kai haka ba. Idan ka ɗauki mutum na biyu, sai ka yi ta sauke giya.

Daga nan tunanin tura wa injin iska yake zuwa, don ya ƙona ƙarin mai ya ƙara ƙarfi. Sufacaja na'ura ce da injin ke juyawa da bel ta tura masa iska, turbo kuwa hayaƙin injin ne ke juya shi. Hanyoyin huɗu ne: sufacaja mai farfela irin Rotrex, sufacaja mai gammo biyu irin Eaton, turbo, ko kuma a bar turin iska gaba ɗaya a nemi injin da ya fi girma. Akasarin bayanan da za ka gani a intanet an rubuta su ne don Ingila, inda zafin rana ba ya cika wuce digiri 25 kuma ana samun fetur mai oktan 97 zuwa 99 a gidan mai (oktan shi ne ma'aunin yadda fetur ke jure matsi da zafi ba tare da ya fashe da kansa ba). Lissafin Kano daban ne.

Ma'aunan da za a bi

Na farko, kuma mafi nauyi, zafin iskar da za ta shiga injin. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. A watan Afrilu Kano takan kai digiri 40. Idan aka tura iska mai wannan zafi da matsin rabin ba (bar, ma'aunin matsin iska), wato psi 7 da ɗoriya, na'urar da ingancinta ya kai kashi 72 cikin 100 za ta fitar da ita a wajen digiri 93, wadda ingancinta ya tsaya a kashi 55 kuwa za ta kai ta digiri 110. Iska mai zafi ta haɗu da fetur ɗinmu na gidan mai, wanda oktan ɗinsa yake wajen 91, abin da ke biyo baya shi ne mai ya riƙa fashewa da kansa a cikin silinda kafin wutar fulogi ta gama cinsa. Wannan ƙwanƙwasar ce take karya gadar zoben fistin, take ƙona gasket, kuma a injin da ke juyi 10,000 a minti da salansa a gefen kunnenka ba za ka ji ta ba sai aikin gama ya gama.

Na biyu, yadda ƙarfin yake shigowa. Kuloci da giyar babur an ƙera su ne don jan kilo 300 da mahayi a kan taya ɗaya. A mota suna jan ninki biyu a kan tayoyi masu faɗi da ba sa sulɓewa cikin sauƙi. Ƙarfin da ke hawa a hankali suna iya jure shi. Wanda ke faɗowa lokaci guda yana cinye haƙoran giya ta biyu da ta uku.

Na uku, wahalar ɗorawa: wuri a ƙarƙashin bonet, da yadda za a samo juyi daga injin. Sai kuɗi, na saye da na abin da ke biyo baya. Sai ƙarko da samun kayan gyara a nan gida. Na ƙarshe, wa zai saita kwamfutar injin.

Aikin da ba makawa, kowace hanya ka bi

Kafin a kwatanta, akwai kuɗin da kowace na'ura za ta ci, kuma mutane sun fi mantawa da shi a lissafi.

Bakin mai ne farko. Babur yana kwanciya a kwana, don haka man yana zama a gindin injin. Mota ba ta kwanciya. Man yakan gudu gefe, famfo ya zuƙi iska na daƙiƙa ɗaya ko biyu, mital ɗin kwanrod ya tafi, injin ya buga. Maganin mafi araha shi ne farantin tare mai a cikin kaskon ƙasa, a ɗan ƙara mai sama da alama, a haɗa da tulun ajiyar matsi irin Accusump. Maganin gaske shi ne tsarin busasshen kasko mai tanki a waje da famfon kwashewa. Wanda bai gyara wannan ba, ƙara wa injin ƙarfi gaggauta mutuwarsa ne kawai.

Matsin fistin, wato sau nawa fistin ke matse iska da mai a cikin silinda. Hayabusa na 1999 zuwa 2007 yana da 11.0:1, na 2008 mai cc 1340 yana da 12.5:1, masu cc 1000 na baya-bayan nan suna tsakanin 12 da 13. Dubi abin da Kawasaki suka yi da suka fitar da Ninja H2 a 2015 da sufacaja tun daga masana'anta: sun sauke matsin zuwa 8.5:1. A Hayabusa da sauƙi, domin bulon silinda a rabe yake da akwatin ƙasa. Ana sa farantin ƙarfe mai kauri kusan milimita 2 a ƙarƙashinsa, matsin ya sauko wajen 9:1. Amma farantin yana ɗaga kan injin, lokacin buɗe bawul ya goce, don haka dole a sa giyar kamshaf mai daidaituwa a sake saita shi da ma'aunin digiri. A injinan da bulon yake haɗe da akwati, sai dai gasket mai kauri ko fistin na musamman irin na JE ko Wiseco. Turawa sukan tura psi 6 ko 7 a Hayabusa na farko ba tare da an buɗe shi ba. Da fetur ɗinmu da zafinmu, ni ban ba da shawarar a wuce psi 4 zuwa 5 a injin da ba a sauke masa matsi ba, kuma ko wannan sai da intakula, wato na'urar sanyaya iskar da aka matse kafin ta shiga injin.

Mai da wuta. Don doki 250 a silinda huɗu kana buƙatar injekta mai cc 500 zuwa 550 a minti kowace ɗaya, famfon fetur mai lita 255 a awa, da mai daidaita matsi wanda ke hawa ɗaya bisa ɗaya da turin iska, daga ba 3. Na'urar auna matsin iska ta asali ba ta karanta abin da ya wuce matsin sarari sosai, sai a sa mai ba 2. Fulogi a sauka mataki ɗaya zuwa mai sanyi, misali daga NGK CR9E zuwa CR10E, a rage bakinsa zuwa milimita 0.5 ko 0.6. A ƙarƙashin turi ana son iska 11.5 zuwa 12 ga fetur 1, kuma a ja wuta baya yayin da turi ke hawa. Ƙaramin akwati irin Power Commander yana ƙara mai gwargwadon totur da juyi. Kwamfuta mai zaman kanta irin Link, Haltech, Emerald ko MaxxECU tana ganin matsi da zafin iska, ta ja wuta da kanta idan rana ta ƙwalle. A Kano ta biyun ce ta dace. Injin mai kafireto, kamar R1 na 1998 zuwa 2001 ko Blackbird na kafin 1999, ana iya tura masa iska, amma wahalar rufe kwanon mai da zaɓen jet ta fi kuɗin mayar da shi injekta.

Sai ƙananan abubuwa masu ɓata rana: sifirin kuloci masu ƙarfi, akwatin iska na alminiyam da aka ɗaure da ƙarfe don kada turi ya fizge shi daga robobin totur, da matatar iska babba mai kyau. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana goge bakin farfela kamar sanfefa, ta turbo ce ko ta Rotrex.

Rotrex: sufacaja mai farfela

Kamfanin Denmak ne ke yin ta. Bel ne ke juya ta daga karanshaf, a ciki kuma akwai gammaye masu mirgina a kan sanda waɗanda ke ninka juyin, ba haƙoran giya ba. Samfurinta C30 tana ninkawa sau 9.49, ƙaramin samfurin C15 kuma sau 12.67. Lissafin fuli ke nan: Hayabusa mai tsayawa a juyi 10,500, da fuli daidai da daidai a kan C30, farfela za ta kai kusan 99,600, kuma iyakar C30-94 ita ce 100,000. Kada ka zaɓi fuli da ido. Ka ninka juyin ƙarshe na injin da rabon fuli da rabon cikin na'ura, ka bar ɗan rata saboda lokacin da ka sauke giya bisa kuskure.

Halinta shi ne turi yana hawa da murabba'in juyi. Idan tana ba da psi 8 a juyi 10,000, a 5,000 wajen psi 2 za ka gani. Wasu suna ɗaukar wannan aibi, tunda ƙarfin ƙasa suka zo nema. A ganina shi ne babban alherinta a wannan mota. Ƙwanƙwasa ta fi kamawa a tsakiyar juyi, inda silinda ke cika sosai kuma lokaci ya ishi mai ya fashe. A daidai nan Rotrex ba ta tura da yawa. Giya da kuloci ma ba sa shan duka. Motar tana zama kamar an ƙara wa injin girma ne, totur yana amsawa nan take, kuma tayoyin baya ba sa kufcewa ba zato a tsakiyar kwana. A injin cc 1300 da rabin ba, ka sa ran doki 235 zuwa 245.

Zafin da take ƙara wa iska kaɗan ne idan aka gwada da Eaton, nauyin C30 kilo 5 ne da ɗan abu, kuma ba ta taɓa salansa, don haka ƙarƙashin bonet ba ya zama tanderu.

Wahalarta biyu ce. Injin babur ba shi da fuli a waje. Dole a huda murfin gefen karanshaf, a ƙera sanda mai tsawo da za ta fito, a sa sil na hana yoyon mai, sannan a ƙara boris na waje a kan faranti mai kauri don ya ɗauki jan bel, domin bakin karanshaf ɗin babur ba a yi shi don jan gefe ba. Idan sandar ta karkace ko da kashi ɗaya cikin goma na milimita, sil zai yi yoyo, bel zai yi ta tsalle. Masu injin sassaƙa ƙarfe a Kano suna iya wannan aiki, amma ka tafi musu da zane mai awo, ka tsaya a auna karkata da agogon awo a gabanka. Kamfanoni irin TTS Performance na Ingila suna sayar da murfi da sanda da faranti a haɗe don Hayabusa, sai dai an tsara su ne don firam ɗin babur. A motar Seven, inda gefen siroket ke kallon baya don haɗuwa da farfelar aksil, ɗaya gefen yana kallon gaba, wurin sandar sitiyari da lagireto. Ka auna da kwali kafin ka biya.

Ta biyu, man na'urar. Rotrex ba ta shan bakin man injin. Tana da nata ruwa na musamman, da tankinta, matatarta da mai sanyayarta. Zafinsa kada ya wuce digiri 80 a mashiga, kuma a nan sai ka ba shi sanyaya mai girma a inda iska ke bugawa. Ana canza shi duk shekara biyu ko kilomita 80,000. Wanda ya zuba mata man giya ko na injin ya kashe ta. Ka sayo galan na biyu tare da na'urar. Haka nan tana da ɓangaren da take juyawa, dama ko hagu, a lokacin saye ake zaɓa. Juya ta baibai yana lalata ta, kuma idan ta lalace ba aikin gareji ba ne, sai an mayar wa masu ita.

Kuɗi: na'urar kaɗai sabuwa ta haura dala 2,000, cikakken saiti kuwa ninki biyu ko fiye, ban da jigila da kwastan.

Eaton: sufacaja mai gammo biyu

Wannan ita ce ke jan hankalin mutane a nan, saboda ana samunta a gwanjo. M45 tana kan Mini Cooper S na 2002 zuwa 2006 da wasu Marsandi masu tambarin Kompressor. M62 tana kan tsofaffin Kompressor masu injin 2.3, irin mai kulocin lantarki a kan fuli. Mai haƙurin zagaya Ƙofar Ruwa, ko mai aike Ladipo a Legas, zai iya samunta a farashin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na Rotrex ba.

Aikinta daban ne: a kowane juyi tana kwasar iska daidai gwargwado ta tura. M45 tana kwasar kusan lita 0.74, M62 kusan lita 1. Injin cc 1300 yana shan cc 650 a kowane juyi. Don samun rabin ba kana buƙatar cc 975, idan ka ƙara abin da ke sulalewa ta gefen gammo, M45 sai ta juya kusan sau 1.4 na karanshaf. A juyi 10,500 ke nan ta kai 14,700, wurin da ingancinta ya riga ya faɗi, tana dafa iska tana kuma cin ƙarfin injin da yawa. Matsalar asali ke nan: an yi ta ne don injin mota mai tsayawa a 6,500 ko 7,000. M62 ta fi dacewa da cc 1300, tunda rabon 1.05 zuwa 1.1 ya isa, amma ta fi tsawo da nauyi, kuma wurin ajiye ta a gefen injin a cikin firam ɗin Seven ƙalilan ne.

Abin da take bayarwa shi ne turi tun daga juyi 2,500 ko 3,000. Motar takan ja a giya ta shida kamar mai injin lita biyu, kuma a cikin gari wannan yana da daɗi ƙwarai. Sai dai cikakken turi a ƙasan juyi, da iska mai zafin digiri 100, da fetur 91, su ne sharuɗɗan ƙwanƙwasa gaba ɗayansu. Da Eaton sauke matsin fistin dole ne, intakula dole ce. Kuloci ma zai fara sulɓi da wuri.

Akwai kuma batun totur. Injin babur yana da bakin totur huɗu a jikin kan injin, Eaton tana bayansu tana turowa. Da ka saki totur, iska ba ta da wurin zuwa, kuma wannan na'ura ba ta san tsayawa ba. Ko bel ya tsinke ko tiyo ya fashe. Sai an sa bawul na kewaye babba, mai faɗin milimita 35 zuwa 40, wanda zuƙar injin ke buɗewa. Wasu suna cire totur huɗun su sa ɗaya babba kafin na'urar, amma idan akwai intakula da dogayen bututu a tsakani, injin yakan yi jinkirin sauka kuma silo ba ya zama.

Wajen saye, juya fuli da hannu gaba da baya: idan akwai ƙas-ƙas, robar haɗi ta cikin hanci ta ci, gyaranta da sauƙi. Leƙa gammayen: fentin da ya ɓare ko zane mai zurfi a jikin gida alamar ta haɗiyi ƙasa ce, a bar ta. Ta Mini tana da ƙaramin akwatin giya a baya wanda ke juya famfon ruwa, mansa yakan ƙafe. Cire shi a toshe wurin. Duk aikin sandar karanshaf da boris na waje da aka faɗa a kan Rotrex yana nan, har ma ya fi, domin Eaton ta fi jan bel. Yi amfani da bel mai layi shida ko takwas da abin ɗaurewa mai sifirin. Bel mai haƙora yana kai duk girgizar canjin giya kai tsaye kan karanshaf. A rabin ba, doki 220 zuwa 230 ne abin tsammani.

Turbo

Turbo ba ya buƙatar a taɓa karanshaf, kuma wannan kaɗai ya sa da yawa suke komawa gare shi bayan sun ga kuɗin sassaƙa. Hayaƙi ne ke juya shi, don haka a turi iri ɗaya ya fi ba da ƙarfi, wajen doki 250 a rabin ba. Ga cc 1000 zuwa 1300, girman Garrett GT25 zuwa GT28 ko Mitsubishi TD04 na sama ya dace. Wanda aka ciro daga ƙaramar motar dizal yakan yi ƙanƙanta, ya shaƙe injin a sama, kuma mai fukafukai masu motsi na dizal ba ya jure zafin hayaƙin fetur, wanda ke kai digiri 900.

Wannan zafin shi ne kuɗin da ake biya. Bodin motar faiba ne ko alminiyam siriri, ƙafafun direba da tukunyar man birki suna kusa. Ana buƙatar bargon turbo, garkuwar zafi, da huda bonet. Bututun hayaƙi sai na silba mai kauri, milimita 2.5 zuwa 3, da waldar agon, kuma a rataye nauyin turbo a kan ƙarfe na daban. Wanda aka yi da siririn bututu yana tsagewa cikin 'yan watanni. Mai yana zuwa daga injin ta ƙaramin rami mai rage matsi, ya koma ta bututu mai faɗi da gangara zuwa saman matakin mai. A irin wannan mota turbo yakan zauna ƙasa, gangarar ba ta samuwa, sai an sa famfon kwashewa na lantarki; idan ya tsaya, hayaƙi fari zai turnuƙe.

Hatsarinsa biyu ne. Ƙarfin yana shigowa a dunƙule a wajen juyi 5,000 zuwa 6,000, a mota mai kilo 480 da gajeren tsakanin taya, kuma direban da bai saba ba zai ga baya ta wuce gaba. Na biyu, ƙara turi abu ne na murɗa dunƙule ɗaya, kuma ba kowa ke iya riƙe hannunsa ba. Tiyon bawul ɗin sakin hayaƙi idan ya zame, turi yana haurawa ba iyaka cikin daƙiƙa. A saita kwamfuta ta yanke mai idan an wuce adadi. A sufacaja fuli ne ke kulle turi, ba ya wucewa. Ta fuskar gyara kuwa turbo ya fi kowa sauƙi a nan: masu gyaran manyan motocin dizal sun san shi, kuma ana samun cikinsa a canza.

A bar turi, a canza injin

Wanda ke da Fireblade mai cc 893 ko 919, ko tsohon R1, ya tsaya ya yi lissafi. Hayabusa na 2008 yana ba da doki sama da 190, ZZR1400 na 2006 mai cc 1352 yana kusa da haka, na 2012 mai cc 1441 ya fi. Daga doki 125 ko 150 zuwa 190, da ƙarin murɗawa mai yawa, a kan kwamfutar masana'anta, ba intakula, ba bel, ba saiti. Aikin shi ne sababbin ƙafafun injin, farfelar aksil, salansa da wayarin. Ka sayi injin da kwamfutarsa da wayoyinsa da makullinsa tare, saboda masu kariyar sata ba sa tashi idan an raba su. Masu matsi 12 da ɗoriya ma suna son fetur mai kyau a lokacin zafi, don haka a kula da sanyaya iskar shiga.

| Ma'auni | Rotrex | Eaton ta gwanjo | Turbo | Babban injin |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Mai yawa | Kaɗan | Matsakaici | Matsakaici zuwa mai yawa |
| Aikin ƙira | Sandar karanshaf, faranti | Sanda, faranti, bawul na kewaye | Bututun hayaƙi, layin mai | Ƙafafu, wayarin |
| Zafin iskar shiga | Matsakaici | Mai yawa | Matsakaici | Babu ƙari |
| Zafi a ƙarƙashin bonet | Kaɗan | Kaɗan | Mai yawa | Kaɗan |
| Shigowar ƙarfi | A hankali, yana hawa | Tun daga ƙasa | A dunƙule a tsakiya | Kamar na masana'anta |
| Wahalar giya da kuloci | Kaɗan | Mai yawa | Mafi yawa | Kaɗan |
| Hatsarin ƙwanƙwasa | Matsakaici | Mafi yawa | Mai yawa | Kaɗan |
| Gyara a Kano | Sai waje | Ana musanyawa | Ana yi | Ana yi, kaya sai oda |

Sanyaya da saiti

Hancin Seven ƙarami ne, kuma lagireto ya riga ya cika shi. Intakula a gabansa tana aika masa iska mai ɗumi, a cunkoson Kano kuwa, inda mota ke tafiyar hawainiya daga Ƙofar Nassarawa zuwa Bata, allura za ta hau. A rufe duk gefen da ke tsakanin hanci da intakula da lagireto da farantin alminiyam don iska ta ratsa ciki dole, a buɗe mata mafita a bayan lagireto, a sa fanka mai ƙarfi, a ƙara mai sanyaya bakin mai. Burin shi ne iskar shiga kada ta wuce digiri 55 zuwa 60 a ranar zafi. Feshin ruwa da methanol rabi da rabi yana taimakawa sosai a kan ƙwanƙwasa, amma a haɗa shi da kwamfuta ta rage wuta idan tanki ya ƙare. Kwalaben ƙara oktan na shago ba sa ɗaga shi yadda zai canza lissafi.

Ka samo wanda zai saita kwamfuta kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya. Ya kasance yana da na'urar auna hayaƙi mai faɗin karatu da abin sauraron ƙwanƙwasa a kunne, kuma a yi saitin da fetur ɗin da za ka riƙa sha, da tsakar rana, a rufaffen fili ko a kan injin gwaji. Taswirar saitin mai da wuta da aka sauko da ita daga intanet an yi ta ne a kan mai 98 da iska mai sanyi. A fara da ita a rage wuta digiri 3 zuwa 4, sannan a hau a hankali. Birki, taya da takardun mota na VIO da inshora su ma su dace da abin da motar ta zama.

Wanne ga wa

Mai Hayabusa ko ZZR1400 da ya riga ya gyara matsalar bakin mai, yana son doki 230 zuwa 250 da motar da ba za ta ba shi tsoro ba, kuma aljihunsa zai ɗauka: Rotrex C30, farantin sauke matsi, intakula, psi 7 zuwa 8. Ita na fi amincewa da ita a zafin Kano. Mai cc 1000 da ba ya son rabuwa da injinsa ya duba C15-60 ko ƙaramar C30, da gasket mai kauri, ya tsaya a psi 5 zuwa 6.

Mai neman doki 300 zuwa sama don tseren miƙaƙƙen layi a rufaffen fili: turbo, amma da fistin da kwanrod na musamman, ƙusoshin kan injin na ARP, kuloci mai kullewa, da kuɗin giya a ajiye.

Wanda shi kansa ma'aikacin ƙarfe ne, yana da injin sassaƙa da lokaci, kuma ƙarfin ƙasa yake so fiye da na sama: Eaton M62 a kan cc 1300, matsi 9:1, turi kada ya wuce psi 5 zuwa 6, a kuma rage iyakar juyin injin zuwa wajen 9,500. Wanda zai biya wani ya yi masa duk wannan ƙira, arahar Eaton ta ƙare tun kafin a tayar da injin.

Mai ƙaramin injin na kafireto, ko wanda bai samu mai saita kwamfuta da ya yarda da shi ba, ko mai son ya murɗa makulli ya fita ranar Asabar ba tare da kallon agogon zafi ba: ya sayar da injinsa, ya sa mai cc 1340 ko 1441, sauran kuɗin ya zuba a busasshen kasko da tayoyi masu kyau.